Taku Tara

Aikina ba ya faɗuwa da sauƙi. Inna dai ta huta da bayani tun tuni. Idan aka tambaye ta me autarta take yi a birni, sai ta ce, "Fenti take yi wa gwamnati." Kuma wallahi ba ta yi ƙarya ba. Tauraron ɗan'adam ne yake wucewa ta saman tsibiranmu ya ɗauko hoto, mu kuma a ofishin taswira mu bi hoton mu shafa wa kowane wuri launinsa. Ruwa shuɗi, gari ja, gona da lambu ruwan ɗorawa, kurmin da babu hannun mutum a cikinsa kore mai duhu. Shekara goma sha biyu ke nan ina wannan fentin.

To amma ita kwamfuta ba ta san kurmi ba, ba ta taɓa taka ƙaya ba balle sauro ya cije ta. Sai an nuna mata. Akwai wurare da muke kira ɗigon shaida, wato inda wani ya je da ƙafarsa, ya gani da idonsa, ya rubuta. Sai mu ce mata, "Kin ga nan? Kurmi ne. Duk inda kika ga mai kama da shi, shafa kore mai duhu." Ita kuwa baiwar Allah ba ta musu. In ka ce mata rufin gidanku teku ne, kafin ka sha ruwa ta mai da rabin gari shuɗi.

Ɗigon shaidarmu na asali guda sittin ne, kuma duk mutum ɗaya ya tara su, shi ne malamina, wanda kowa ke ce wa Mai Laima. Ba ya fita sai da laima, amma ban taɓa ganin ya rufe kansa da ita ba. Littafinsa yake rufewa. Shi ya jiƙe sharkaf, ruwa na bin gemunsa, littafi kuwa ko ɗigo. A hannunsa na koyi aiki, tun ofishinmu yana ƙasan bene, ɗaki mai warin takarda da damshi, da dogon tebur na gilashi mai fitila a ƙarƙashi. A lokacin hoto ba ya zuwa kullum kamar yanzu. Sai mu yi wata uku muna jira, in ya iso kuma mu tarar gajimare ya zauna daram a kan tsibirin da muke so. Mai Laima ya dubi hoton ya ce, "To, Auta, yau ma mun samu kyakkyawan hoton auduga." Sai ya ɗauko almakashi, mu yanko gefen da ya fito a hoton bara mu haɗa da na bana. Fensir ɗinsa mai launi guda goma sha biyu ne, a cikin gwangwanin madara, kuma kaiton wanda ya ɗauki koren bai mayar ba. Ina kewar ɗakin nan, ban ɓoye ba. Yanzu muna hawa na uku, ga sanyin na'ura, ga kujeru masu juyawa, amma sai a wuni ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ranar wata Talata da hantsi Yayana ya kira ni daga tsibiri. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Ya ce, "Auta, ku ne kuka ce lambun Baba daji ne?"

Na ce, "Wane irin daji kuma, Yaya?"

Ya ce wasu ma'aikata sun zo da turaku da jan fenti, sun bi gefen lambun sun kafa. Wai an ware duk kurmin da ya rage a tsibiran ya zama gandun gwamnati, ƙarshen wata za a zagaye shi da wayar shinge. Ba shiga, ba tsinka, ba ɗaukar ko busasshen reshe. Da ya yi musu gardama suka buɗe masa taswira, ga tambarin ofishinmu a ƙasa. Sannan ya rage murya ya ce, "Inna kwana biyu ke nan ba ta ci abin kirki ba. Da safe ta je ta zauna a gindin turken, sai azahar take dawowa."

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, kuma ba ranar da Inna ba ta shiga lambun nan ba sai in ciwo ya kwantar da ita. Ba don abin da take tsinkowa ba, ko da yake da shi take cefane. Can take zuwa ta yi masa mita. Na sha jin ta tana faɗa wa bishiyar mangwaro cewa jikokinsa sun lalace da kallon waya.

Na buɗe taswira. Ga tsibirinmu, ga mashigin jirgi, ga 'yar hanyar da ke hawa tudu bayan makaranta. Lambun Baba kore mai duhu, babu ko tabo. Na ce lallai kwamfuta ta yi shirme, bari in ga wane ɗigon shaida ne ya ruɗe ta. Na bi layi na sauka, sai ga ɗigo na goma sha huɗu zaune a tsakiyar lambun ubana. A gefensa an rubuta: kurmi na asali, misali mafi kyau.

Kai, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ɗigon nan na san shi kamar yunwar cikina. Da shi nake koya wa sababbin ma'aikata, in ce musu, "In kuna son ganin kurmi na gaske, ku duba sha huɗu." Shekara goma sha biyu ina kallon lambobinsa, ban taɓa cewa bari in ga ina ne a ƙasa ba. Ni da hannuna na shafa wa lambun Baba launin da za a kori Inna da shi.

Nan take kuma wani labari ya faɗo min. Baba yana da wani labari da ya fi so, mun ji shi har mun haddace, Yaya ma yakan riga shi faɗar ƙarshen. Wai wata shekara wani ɗan boko ya zo daga birni yana neman wanda zai zagaya da shi tsibiri. Baba ya kai shi nan, ya kai shi can, a ƙarshe ya bi da shi ta cikin lambunsa. Mutumin ya tsaya, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hula ya ce, "Wannan kam babu hannun ɗan'adam a ciki. Aikin Allah ne tsantsa." A nan Baba yakan dakata, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni kuwa na ce masa, haka ne, ranka ya daɗe." Sai ya fashe da dariya har ya yi tari. Inna ta ce, "Kai dai ka ji da fankamarka." Ashe ɗan bokon nan malamina ne.

Na shiga wurin Oga. Shi mutum ne mai son komai a rubuce, ko gaisuwa da za ta yiwu da sai an sa mata hannu. Ya saurare ni yana juya biro.

Ya ce, "Kin san me kike cewa kuwa? In sha huɗu ba kurmi ba ne, duk inda ya yi kama da shi a tsibirai tara sai an sake dubawa. Kuma ke 'yar mai wurin ce. Wa zai yarda da ke?"

Na ce, "Oga, a cikinsa na koyi tafiya."

Ya ce, "Wannan ba hujja ba ce. Ga hoton nan, nuna min layi. Duk lambun da mutum ya dasa yana da layi."

Gaskiyarsa, babu layi. Daga sama bishiyoyin a cakuɗe suke, manya da ƙanana, ba ka gane farko balle ƙarshe. A ƙarshe dai ya ce in wanda ya rubuta ɗigon ya yarda ya koma wurin ya soke da hannunsa, shi ma zai bi mu ya gani. In ba haka ba, ƙarshen wata waya za ta zagaye.

Wannan ne ya fi min wuya. Mai Laima ya yi ritaya shekara shida, yana zaune a wani ɗan gida bayan tashar mota, taswirarsa ta farko a manne a bangon falo cikin gilashi. Duk baƙon da ya zo sai ya tashe shi tsaye ya nuna masa. Na same shi a baranda yana gyaran wata tsohuwar laima da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar ƙafa, lafiyar ido, har ya gaji.

Ya ce, "Auta, ke ba kya zuwa ranar aiki. Me ya faru?"

Na faɗa masa. Ya ajiye allurar. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da littafin, bangonsa ya yi laushi kamar tsohon zane. Ya buɗe shafin ba tare da nema ba.

Ya ce, "Sittin na rubuta, kuma kowanne da ƙafata na je. Ban taɓa zama a jirgi na hango tudu na rubuta ba, kamar yadda wasu ke yi. Sha huɗu kuwa na fi awa biyu a cikinsa. Na ƙirga iri ashirin da uku. Wane manomi ne zai dasa iri ashirin da uku a hargitse?"

Na ce, "Babana, Malam."

Ya dube ni ta saman tabarau, ransa a ɓace. Ya ce, "Mutumin da ya raka ni mai ɗingishi ne. Na tambaye shi, ya ce haka ne."

Na ce, "Shi ne. Ba tambayarsa ka yi ba, Malam, yabonsa ka yi, shi kuma ya karɓa."

Na ɗauka korata zai yi. Can ya ce, "Zan je. Amma ki sani, ba don in soke ba. Zan je in nuna miki kin yi kuskure, kamar yadda na saba."

Ranar Asabar muka hau jirgin safe mu uku. Oga ya sha maganin amai ya rungume jakarsa, Mai Laima ya zauna a gaba da littafinsa a cikin leda. Ni kuwa ina ta kallon ruwa ina tuna lokacin da Baba yake kai ni mashigin tsibirinmu in zan koma makaranta, da kwali cike da lemo da fiya wanda ko ɗaga shi ba na iyawa. Kullum sai ya ce in ba malamai, ni kuma kullum sai mu cinye a ɗakin kwana.

Inna na jiranmu a gindin turke mai jan fenti, Yaya na tsaye a bayanta. Ta rame. Ta gaida baƙi yadda ya kamata, ta dubi Mai Laima da kyau ta ce, "Kai ne mai hular." Ya ce shi ne. Ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Hajiya, ai ba ni kaɗai ba." Ta ɗan yi murmushi, muka shiga.

Lambun yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara duhu. Kwakwa a can sama, mangwaro da fiya a ƙarƙashinta, lemo da gwaiba a ƙasansu, ayaba a duk inda rana ta samu 'yar kafa. Ganye ya rufe ƙasa, ƙafa na nutsewa. Sanyin wurin da ƙamshin ruɓaɓɓen mangwaro suka sa na ji kamar in zauna in yi kuka, amma ga Oga.

Oga ya fiddo tef ɗin awo, Yaya ya riƙe masa baki. Daga wannan bishiya zuwa waccan, mita biyar da rabi. Ta gaba, ba ta kai biyar ba. Ta gaba kuma ta karkace hagu, ba ta kan layi sam. Ya auna goma sha biyu, ya naɗe tef ɗinsa.

Ya ce, "Kin gani ko? Ba tazara ɗaya, ba layi. Irin waɗannan itatuwa tsuntsu da jemage ma suna yar da ƙwallonsu su tsiro. Ba zan iya rubuta wa hukuma cewa an dasa ba."

Na ga Mai Laima ya gyara tsayuwa. Yaya ya fara ɗaga murya, yana rantsuwa da cewa shi ya sha ɗaukar ruwa yana ban ruwan wasu daga ciki. Oga ya ce ɗan mai wuri ba ya shaida. Ni kam duk karatuna da kwamfutata, na rasa abin da zan nuna.

Sai Inna ta ce, "Wannan igiyar taka, ɗana, ƙafafunta biyu daidai suke?"

Oga ya ce, "Na'am, Hajiya?"

Ta ce, "Shi mai wurin ba da igiya ya auna ba. Da ƙafarsa ya auna, taku tara, ya haƙa rami. Kuma ƙafarsa ta hagu ba ta kai ta dama ba, tun yana yaro da ya faɗo daga kwakwa. Ku matsa."

Ta miƙa wa Yaya sandarta. Ta cire takalmi, ta ɗaure zane da kyau, ta je ta jingina bayanta da tsohuwar kwakwar da ke bakin rafi, wadda Baba yake cewa ita ce ta fari. Ta ɗan tsaya kamar mai tuna waƙa. Sannan ta jefa ƙafar dama gaba da nisa, ta jawo ta hagu gajere, kafaɗarta ta faɗa gefe, hannun dama ya tafi baya.

Wayyo Allah. Baba ne. Shekara goma sha ɗaya ban ga wannan tafiyar ba, sai ga ta a jikin tsohuwa mai shekara saba'in, har da yadda yake ɗan sunkuyar da kai in zai ja ƙafar. Yaya ya juya baya ya rufe fuska da hularsa.

Tana tafe tana ƙirgawa a fili. Dogo, gajere, dogo, gajere, kuma kowane gajeren taku yana ɗan karkatar da ita hagu. A na tara ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, tafinta ya sauka a kan mangwaro. Ta ce, "Wannan shekarar da muka yi aure." Ta ci gaba, wannan karon da gajeren ta fara, shi ya sa tazarar ta ragu. Tara, sai fiya. "Wannan wani matuƙin jirgi ya ba shi ƙwallon." Tara, sai lemo. Tara, sai wani kututture da ya ruɓe, ta ce iska ce ta kayar da ita shekarar da aka haifi Auta. Ba ta tafiya a miƙe, zagaye take yi a hankali kamar mai naɗe tabarma, mu kuma muna biye da ita kamar 'yan makaranta. Oga tun yana ƙirgawa a zuci har ya koma yi da baki. A bishiya ta ashirin da shida ya ce, "Hajiya, ya isa haka, don Allah ki huta."

Ta ce, "Saura ɗari uku da wani abu, in kana so."

Yayyafi ya fara sauka. Mai Laima ya buɗe laimarsa, ya ɗora a kan littafin, shi yana jiƙewa. Ya daɗe yana kallon shafin. Na matsa kusa don in riƙe masa, ya ce in bari. Ya zaro jan biro ya ja layi ɗaya a kan rubutunsa na shekara talatin da biyu, a hankali, da kyau, yadda ya koya mana soke kuskure ba tare da an ɓata shafi ba. A ƙasa ya rubuta: lambu, dashen hannu, taku tara na mai ɗingishi. Ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙa wa Oga.

Sannan ya cire hularsa ya ce wa Inna, "Hajiya, ki yafe ni. Na kusa raba ki da wurinki."

Inna ta ce, "Haba Malam. Ai babu wanda ya taɓa faranta masa rai kamar kai. Shekara ashirin yana ba da labarinka, har muka gaji. Ni dai da ka bar masa yabonsa a littafin, ka cire min turakun kawai."

Ya ce, "Ba ya yiwuwa, Hajiya. Ɗaya za a zaɓa."

Ta ce, "To a cire turakun. Shi ya riga ya ji nasa."

Baƙi suka bi jirgin la'asar, ni na tsaya sai Litinin. Da na koma ofis ne na canza sha huɗu, kwamfuta ta yi ta aiki har azahar, ta fito da wurare arba'in da bakwai a tsibirai tara da sai an koma an taka da ƙafa kafin a ja musu waya. Oga ya kusa suma. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar Asabar ɗin, da muka koma gida, Inna ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ta zauna a tabarma a tsakar gida, rana ta yi sanyi, kaji na ta shiga akurki. Da ta zo tashi sai ta kasa. Na ɗauko man zafi na zauna ina murza mata ƙugu, tana cije leɓe. Na fara yi mata faɗa, na ce ai ga irinta nan, mutum da shekarunsa ya kama tafiyar da ba tasa ba har bishiya ashirin da shida.

Sai ta kama hannuna ta mayar da shi daidai inda ke mata ciwo, can saman ƙafar hagu, ta danna.

Ta ce, "Nan ne. Auta, ashe haka yake ji kullum. Shekara arba'in ina ce masa ya ɗaga ƙafa mu yi sauri, bai taɓa ce min da ciwo ba."